Ko Allah Zai Tambaye Mu Ungulu?

Wata Lahadi da rani, bayan an tashi daga sujada a Madachi, wani saurayi mai bi ya kawo wa dattawan ekklesiya tambaya. Ya ce akwai sheƙar ungulu a kan wani rimi bayan gonar ubansa, wani baƙo kuwa ya yi masa alkawarin kuɗin da za su isa buhun taki idan ya kawo masa uwar da ƙwanta. Ya ce, "Baba, ko zunubi ne?" Da fari aka yi dariya. Amma da dariya ta lafa, sai aka rasa wanda zai tuna ranar da ya ga ungulu a kasuwa.

Ku da kuka girma a ƙasar Rano da Kibiya kun sani, dā ba a yanka dabba sai ga su sun sauko suna tsalle bayan mahauta. In jaki ya mutu a bayan gari, kafin kwana biyu sai ƙashi. Yau babu su. Ba a wurinmu kaɗai ba ne. A 2015 masanan tsuntsaye na duniya suka sa wannan ungulu tamu ta kasuwa cikin halittun da ke bakin ƙarewa. A 2020 aka kashe wajen 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau, aka yanke kawunan waɗansu domin bokaye.

To, amsa ta fari ba ta da wuya. Baƙon nan kayan tsafi yake nema, mai bi kuwa ba ya taimakon boka. Amma da a ce ba boka ba ne fa? Da a ce mutum ne kawai mai son fuka-fukanta? Nan ne dattawa suka rabu. Ɗaya ya ce Allah ya ba ɗan Adam mulki bisa tsuntsaye da dabbobi, ungulu kuma ƙazamtacciya ce ko a shari'ar Musa, don haka babu laifi.

Ni dai ban yarda ba. Gaskiya ne an ba mu mulki, amma wane irin mulki? Littafin Farawa ya nuna an sa Adamu cikin gona domin ya yi aikinta, ya kuma tsare ta. Ku duba mutumin da aka ba shi kiwon shanu. Yana shan nono, yana samun taki, wani lokaci har a ba shi maraƙi. Amma in mai shanu ya zo ya tarar garke ya ƙare, makiyayi ba zai ce, "Ai ka ba ni iko a kansu," ba. Batun ƙazanta kuwa, an hana Isra'ilawa cin ungulu ne, ba a umurce su su hallaka ta ba. Sa'ad da Nuhu ya shiga jirgi, har da marasa tsarki aka ce ya ɗauka. Ashe ungulu ma ta sami wuri a jirgin da mutane takwas kaɗai suka shiga.

Akwai kuma doka a Kubawar Shari'a sura 22 a kan sheƙar tsuntsu: an yarda a ɗauki 'ya'ya, amma a saki uwa, domin kada iri ya yanke. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya take yi a shekara. Wanda ya ɗauke uwa da ƙwai, gida guda ya rufe.

Mutanen Indiya sun ɗanɗana abin da ke biyo baya. Cikin shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake yi wa shanu ya kashe fiye da 90 cikin 100 na ungulayensu, gama sukan ci mushen shanun. Mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnuka suka yi yawa, ciwon haukan kare ya addabi mutane, sai a 2006 aka hana maganin. Amma ba na so mu tsaya a kan amfani kaɗai, gama ranar da muka ga halitta ba ta amfane mu ba, sai mu ce a gama da ita. Ba mu muka yi ta ba.

Kada kuma wani ya ce wannan aikin gwamnati ne. An keɓe dajin Falgore tun zamanin Turawa, amma ungulu ba a daji take zama ba, tare da mu take zaune, babu mai gadinta sai mai gonar da rimin yake.

Abin da ya fi damuna shi ne saurayin nan ba mugu ba ne, taki yake nema. Yana da sauƙi mai rumbu cike ya ce wa mai bashi ya ji tausayin tsuntsu. Na ce wa dattawa, in muka hana shi, sai mu ɗauki nauyin abin da muka hana shi. Aka yi baiko na musamman ran Lahadi ta biye, aka sami kuɗin rabin buhu. Ya karɓa, ya yi godiya, ya ce ba zai hau rimin ba. Dattijon nan kuwa har yanzu yana cewa mun yi wa yaro asarar rabin buhu. Baƙon ya ce zai komo, kuma ba yaronmu kaɗai ya san inda sheƙar take ba.