Shin Laifin Sarki Yana Bin Talakansa Har Ƙasar Wani?

Mu mutanen Wasagu da sauran ƙasar Zuru, in aka ambaci Yaƙin Duniya na Biyu, tunaninmu kan tafi ga iyayenmu da suka sa kayan soja aka kai su Bama. Ba kasafai mukan tuna da waɗanda yaƙin ya rutsa da su a nan gida ba.

A shekarar 1940 gwamnatin Turawan Ingila ta tattara Jamusawa da Italiyawan da ke zaune a Nijeriya da Kamarun Ingila, 'yan kasuwa da masu gonakin ayaba da 'yan mishan. An mai da kwalejin gwamnati ta Umuahia sansanin tsaro. Kafin shekarar ta ƙare aka loda da yawansu a jirgin ruwa zuwa tsibirin Jamaika, har da mata da yara. A can ma aka raba maza da iyalinsu, kowa da inda aka killace shi. Sai da yaƙi ya ƙare a 1945 sannan maganar sakinsu ta kankama.

To, shin an yi daidai? Ba mu musun cewa hukuma na da haƙƙin kare kanta. Rigakafi ya fi magani, kuma cikin mazan akwai masu goyon bayan Hitila. Amma zato dabam, laifi dabam. In an tsare magidanci bisa zato, bisa me aka tsare mai goyo da abin goyonta? Ba a tuhume su da aikata kome ba, asalinsu kaɗai aka duba.

Haka kalmar nan "mayarwa gida" tana bukatar a tsaya a kanta. Yaron da aka yanke wa cibiya a Kamaru ko Ikko, ya yi wayo a bayan waya, aka sauke shi a Jamus da ta zama kufai, wane gida aka mai da shi?

Kakanninmu sun san matsayin fatoma a zango. Baƙon da ya sauka hannunsa ya zama amana, shi da jakinsa da kayansa, ko da sarakunan garuruwansu ba su ga maciji. Riƙon baƙo lokacin lumana ba wuya. Ranar da aka buga gangar yaƙi ake gane mai amana. Marubucin da zai ba da labarin yaƙi ya leƙa sansanin mata da yara, domin a can ne hukuma kan nuna ainihin halinta.