Wanda Bai Zo Gayya Ba, A Hana Shi Hanya?

A garinmu Kongolam, can bakin iyakar ƙasar Daura da Nijar, da zarar damina ta ɗauke sai samari su fito gayya. Mukan cike ramukan da ruwa ya zaizaye, mu sare ƙaya, domin amalanke da jakuna su sami hanyar kwaso gero kafin hunturu ya kankama. Ba a biyan kowa ko anini, fura kawai ake damawa.

Bara ina cikinsu. Wani maƙwabcinmu ya ƙi fitowa, amma shi ya fara bin hanyar da amalankensa. Raina ya ɓaci, har na ce lalle a tare shi.

Sai wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, baƙon da zai bi ta nan zuwa kasuwar Mai'aduwa, ya riƙe maka fartanya ne?" Na yi shiru.

Watau hanya ba gona ba ce. Gayyar gona bashi ce, yau gare ni gobe gare ka. Ta hanya kuwa sadaka ce, mai bayarwa ba ya zaɓen wanda zai amfana. Laifin maƙwabcin nan yana wuyansa. Amma ran da muka soma ƙidayar masu wucewa, ran nan gayyarmu ta koma ƙwadago.