Yabon Kai da Shaida a Gaban Masu Ɗaukar Aiki

Matashin da ya yi shekara 5 yana karatun injiniya a jami'a irin ta Ahmadu Bello da ke Zariya, ya kuma gama bautar ƙasa, yakan tarar da wata matsala ta ɗabi'a tana jiransa a ɗakin intabiyu, wato ganawar da masu ɗaukar aiki ke yi da mai nema domin su auna shi. Tarbiyyar gida ta koya masa cewa yabon kai jahilci ne, kunya kuma ta saba masa da sunkuyar da kai a gaban manya, alhali ba a kira shi wurin ba sai don ya faɗi abin da ya iya da bakinsa. Abin tambaya shi ne ko wannan faɗi ya shiga tsarkake kai da Alƙur'ani ya hana a Suratun Najmi.

Nassoshin da ke tsoratarwa game da neman muƙami ba ɓoyayyu ba ne, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya gargaɗi Abdurrahman bin Samura game da neman shugabanci, Muslim kuma ya ruwaito yadda aka hana Abu Zarri muƙami saboda rauninsa. Sai dai Annabi Yusuf (AS) ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya siffanta kansa da iya tsarewa da kuma sani, kuma daga nan ne malaman tafsiri irin su Ƙurɗubi da Ibn Kasir suka fitar da halaccin mutum ya ambaci iliminsa idan ba a san shi ba kuma buƙata ta kama. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya gina kowane muƙami a kan rukuni biyu, ƙarfi da amana, yana dogaro da abin da 'yar dattijon Madyana ta faɗa game da Annabi Musa (AS). Saboda haka maganar mai neman aiki shaida ce da wasu za su yanke hukunci a kanta, kuma shaida takan lalace ta hanya biyu: a ƙara mata gishiri ko a ɓoye ta. Wanda kunya ta sa ya rufe gwanintarsa har aka ɗauki wanda bai kai shi ba, shi ma ya tauye gaskiya, ko da yake jama'a sun fi yi masa uzuri.

Wannan shaida ta fi nauyi a aikin injiniya, saboda kuskuren lissafin ginshiƙi ko na kaurin rodi ba a takarda yake tsayawa ba. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya ci rayuka fiye da 40, wanda ya isa ya nuna abin da ke rataye a wuyan masu wannan sana'a. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin tsara aikin injiniya a Nijeriya, ba ta yi wa mutum rajistar cikakken injiniya sai ya yi shekaru yana aiki bayan digiri, don haka kwamitin ɗaukar aiki mai hankali ba ya tsammanin ƙwarewa daga sabon ɗalibi, abin da yake nema shi ne ya ga ko yaron ya san iyakar saninsa.

Shirin ganawa ke nan ya zama muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi tun kafin a yi masa. Ya koma kan wata 6 da ya yi a horon masana'anta na SIWES, ya rarrabe abin da ya yi da hannunsa daga abin da ya tsaya yana kallo, domin wanda ya ga ana gwajin ƙarfin kankare bai zama wanda ya gwada ba. Ya duba binciken shekarar ƙarshe, ya ware rabonsa daga na abokansa, ya kuma goge manhajar AutoCAD daga takardar neman aikinsa idan sau biyu kawai ya taɓa buɗe ta. An ruwaito cewa Imamu Malik ya sha amsa tambayoyi da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja a Madina ba. Matashin da ya faɗi haka, sannan ya bayyana yadda zai bi ya gano amsar, ya nuna ƙarfi da amana a lokaci guda.

Gaskiya ne cewa mai cika baki yakan samu aikin wani lokaci, mai gaskiya ya koma gida. Wannan bai canza hukuncin da ke kan mai nema ba, amma ya mayar da rabin amanar kan kwamitin, wanda wajibi ne ya miƙa wa kowane ɗan takara alƙalami ya lissafa nauyin da katako ko ƙarfe zai ɗauka, maimakon ya bari zaƙin Turanci ya yanke masa hukunci.