An Saya Ba a Mayarwa: Har da Keken Guragu?

Duk wanda ya saba shiga kantunan sayar da magani da kayan asibiti a Gusau ko Sakkwato, ya san kalmomin nan da akan rubuta a ƙasan rasit, ko a manna a bango, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Mun saba da su har ba mu tsayawa mu tambayi kanmu ko gaskiya suke faɗa. Idan atamfa ce ko kwanon sha, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma a ce keken guragu ne, ko sandar dogarawa, wanda 'yan'uwa suka yi karo-karo suka saya wa tsohonsu da ɓarin jikinsa ya shanye, aka kai masa gida a Bakura ko Maradun, sai aka tarar ba zai yi masa amfani ba. Shin mai kanti yana da ikon ya ce ciniki ya riga ya faɗa? Wannan ita ce tambayar da muke son mu yi nazari a kai tare da mai karatu.

Da farko ya kamata mu lura da wani abu da ya raba wannan ciniki da sauran. Galibi wanda zai yi amfani da keken ba shi ne ke zuwa saye ba. Ɗansa ne ko ƙanensa zai hau mota daga Talata Mafara, ya je birni, ya duba da ido, ya taya, a sallama masa. Mai lalurar yana kwance a gida, domin rashin tafiyar shi ne ya sa ake neman keken tun farko, ga kuma halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan na rashin tsaro, wanda ya sa ba kowa ke son ya ɗauko majinyaci ya bi hanya da shi ba. Ke nan sayen kifi ne a ruwa, ba kuma da gangan ba.

Na biyu, keken guragu ba kujera ba ce da aka sa wa taya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2008 kan yadda ya kamata a ba da irin wannan keke a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ta nuna cewa sai an auna mutum, an daidaita keken da jikinsa da kuma wurin da yake zaune, an koya masa amfani da shi. Wanda ya yi faɗi da yawa yakan karkatar da baya, wanda ya matse ko ba shi da matashi mai kyau yakan jawo gyambon zama, ciwon da kan iya kai mutum kushewa. Haka nan keken da aka ƙera don daɓen asibiti, mai 'yan ƙananan tayoyi a gaba, da ya shiga yashin unguwa ko lakar fadamun Bakolori sai ya kafe. Shi ya sa waɗanda shan-inna ya taɓa suka fi son keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda masu walda ke ƙerawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, mene ne matsayin doka? Dokar Tarayya ta Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da dokar soja ta 1992 ta samar. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi ko haɗari cikin wata uku, a gyara masa, ko a musanya, ko a biya shi kuɗinsa. Ta kuma ba shi damar ƙin karɓar kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo, idan suka saɓa wa yadda aka siffanta masa. Rubutun da ke jikin rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Sai dai dokar ba ta ce duk wanda ya sake shawara kawai dole a mayar masa da kuɗinsa ba.

Abin sha'awa, malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da wannan babi, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, balle ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999. A Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil an yi bayanin zaɓi iri biyu. Akwai zaɓin aibi, wato idan mai saye ya gano lahanin da ba a bayyana masa ba, yana iya riƙewa ko ya mayar. Akwai kuma zaɓin sharaɗi, inda za a yanka wa'adin gwaji tun wurin ciniki, kamar wata guda ga gida, ko kwana uku ga dabba ko tufa. Bayan waɗannan sai iƙala, wato mai sayarwa ya yarda a warware cinikin da ya riga ya ƙullu saboda nadamar abokin cinikinsa. Ba a tilasta masa ba, amma hadisi ya yi wa mai yin haka albishir da yafiyar Ubangiji.

Idan muka ɗora matsalarmu a kan wannan ma'auni, za mu ga ta kasu gida uku. Na farko, keke ya zo da birki marar ci ko walda mai tsagewa. Nan babu gardama, doka da Shari'a da al'ada duk sun haɗu a kan a karɓa. Na biyu, keken lafiyarsa lau, amma bai dace da mai shi ba. Na uku, buƙatar ce ta kau, ko dai majinyacin ya miƙe, ko kuwa Allah Ya yi masa rasuwa kafin ya hau.

Gida na biyu shi ne mai wuya. Mai kanti zai ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, shi bai ɓoye komai ba. Kuma kada mu yi saurin zarginsa. Jarinsa kaɗan ne, shi ma daga Kano ya saro, wanda ya sayar masa ba zai karɓa ba, keken da ya taka ƙasa kuwa ya zama gwanjo. Mai walda ma ya fi shi hujja, domin ya yanka ƙarfe bisa awon da aka ba shi. Duk da haka, a ganinmu dacewa da jiki wani ɓangare ne na ingancin wannan kaya. Wanda ya sayar da keke bai tambayi girman majinyaci ba, bai tambayi irin lalurarsa ko inda zai riƙa bi ba, alhali shi ne masanin kayan, yana da kaso cikin kuskuren. Idan kuwa an gaya masa buƙata ya ce wannan zai yi, to maganarsa ta zama alkawari, kyan alkawari kuwa cikawa. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa shi ne musanya.

A gida na uku babu wanda ya yi laifi, don haka ba maganar haƙƙi ake yi ba, maganar mutunci ce. Iyalin da suka dawo da keke bayan sadakar uku ba su da ikon tilasta kowa. Amma ɗan kasuwar da ya dube su ya nuna musu rubutun bango, ya tsira da kuɗinsa ne kawai. Nan ne gurbin iƙala. Su ma masu mayarwa akwai nauyi a kansu: kada a yi wata biyu ana hawa sannan a goge a ce ba a taɓa ba. Idan ya ci jiki, a faɗa, a sayar masa da shi bisa farashin da ya dace da halinsa, ko a ba wani mabuƙaci sadaka.

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kai ba, wato kekunan da masu mulki da ƙungiyoyi ke rabawa a taro, iri ɗaya, girma ɗaya, ga yaro da babba. Idan aka ga wanda aka ba ya sayar, sai a ce ya yi butulci. Ba mu tsaya mun tambaya ko ya taɓa iya hawa ba. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ita ma aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tsaya ne a kan cewa su mutane ne masu haƙƙi. Mai haƙƙi kuwa yana iya cewa wannan bai yi mini ba, ko da kyauta aka ba shi.

Saboda haka shawararmu ga mai saye ita ce ya tafi da awon majinyaci daga ma'aikacin lafiya, ya nemi wa'adin gwaji na kwana uku ko mako guda, a rubuta a bayan rasit gaban shaida. Ga 'yan kasuwa da shugabanninsu a Talata Mafara da kewaye, muna roƙo su mai da wannan wa'adi al'ada ga irin waɗannan kaya, ko da mai saye bai san ya tambaya ba. Dukkanmu masu tafiya ne da ƙafafun aro, ba wanda ya san ranar da za a je yi masa irin wannan ciniki yana kwance a ɗaki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.