Wa da Ƙane a Kwale-kwale Ɗaya: Ina Haƙƙin Ɗan'uwa Ya Tsaya?



Tambayar da na ɗauko a wannan fitowa tsohuwa ce. Idan ɗan'uwanka na jini da bare suka nemi gurbi ɗaya, baren kuma ya fi iya aikin, wa za a ba? A fatar baki kowa zai ce a ba wanda ya cancanta. Amma ranar da abin ya faɗo kan ɗan ɗakinku, sai ka ji harshe ya yi nauyi. Akwai wani labari na gaske daga ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, wanda ya fito da wannan tambaya fili. Ya faru ne a wasan da yawancinmu ba mu saba kallo ba, wato tseren kwale-kwale.

Bari in fara bayyana yadda wasan yake. Ana tseren ne a kan ruwa, tsawon mita 2,000. A irin wanda za mu yi magana a kai, mutum biyu ne a cikin siririn kwale-kwale, kowa da filafili biyu, sun juya wa inda za su baya, suna ja tare. Idan ɗaya ya riga ɗaya tsoma filafili ko da ƙiftawar ido ne, gudun ya ragu. Gwanaye kan gama cikin minti shida da 'yan daƙiƙu. Da yake dogaye masu ƙirar jiki sun fi samun galaba, sai aka ware wani aji na marasa nauyi, aka shigar da shi gasar Olamfik a 1996. Ƙa'idar maza a wannan aji ita ce kada mutum ɗaya ya wuce kilo 72.5, kuma idan aka haɗa su biyun kada su wuce kilo 140, wato 70 kowanne idan an raba daidai. Ana ɗora su a sikeli tsakanin awa ɗaya zuwa biyu kafin tsere. Kun ga ke nan ko loma ɗaya ka ƙara, abokinka ne zai rage tasa. Tarayya ce da ta kai har cikin kwanon abinci.

To, a wani ƙaramin gari da ake kira Skibbereen, a yankin Cork, akwai wasu 'yan'uwa biyu, Gary O'Donovan da ƙanensa Paul. An haifi Gary a 1992, Paul kuma a 1994. Tun suna yara suke tuƙi a kogin Ilen da ya ratsa garinsu. A gasar Olamfik ta Riyo a Barazil, shekarar 2016, suka zo na biyu a bayan Faransa, suka karɓi lambar azurfa. Ita ce lamba ta farko da Ailan ta taɓa samu a tseren kwale-kwale na Olamfik. A 2018 kuma suka zama zakarun duniya a birnin Plovdiv na Bulgeriya. Duk ƙasar ta san su tare, ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya.

Sai 2019 ta zo. Hukumar wasan ta ƙasarsu takan gwada 'yan wasanta kafin ta fitar da waɗanda za su wakilce ta. A wannan karon wani matashi ɗan garinsu, Fintan McCarthy, shi ya samu kujerar Gary. Aka sauke wa, ƙane ya ci gaba da tuƙi da bare. Shi ma Fintan ɗin yana da ɗan tagwaicinsa, Jake, wanda suka saba tuƙi tare, ya bar shi ya shiga wannan kwale-kwale. Wato gida biyu abin ya taɓa. A shekarar nan Paul da Fintan suka ci gasar duniya a Ostiriya. A Olamfik ta Tokiyo, wadda annoba ta ɗage zuwa 2021, suka ci zinariya a gaban Jamus da Italiya, Gary kuwa yana matsayin ɗan jiran ko-ta-kwana. A Faris, 2024, suka sake cin zinariya. Paul ya zama ɗan Ailan na farko da ya samu lamba a Olamfik uku, kuma a tsakanin waɗannan shekaru ya yi karatun likita.

Yanzu ga inda maganar take. Shin Paul ya ci amanar zumunci?

Wanda zai ce e yana da hujja, kada mu raina ta. Zai ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Da wa ka sha sanyin asuba a kogi lokacin da ba wanda ya san sunanka? Wa ya raba yunwar rage ƙiba da kai shekara da shekaru? Sunan da ka yi, da hannun yayanka a ciki. Lamba ƙarfe ce, za ta ƙare a cikin akwati, yaya kuwa ba a sayo shi a kasuwa. Da Paul ya ce shi ba ya tuƙi sai da Gary, watakila a saurare shi, tun da a lokacin ya riga ya ci gasar duniya shi kaɗai har sau biyu, a 2016 da 2017. Mai wannan ra'ayi zai ce mai baki irin wannan bai kamata ya bari a sauke yayansa ba.

Ni dai ina ganin bai ci amana ba, kuma dalilina ɗaya ne: kujerar ba tasa ba ce. Ba gadon gidansu ba ce, ba da kuɗinsa aka sayo ta ba. Kujera ce ta ƙasa, a lokacin kwale-kwale ɗaya tak kowace ƙasa ke iya sawa a wannan tsere na Olamfik, kuma an yi wa kowane matashi alkawarin cewa wanda ya fi gudu shi zai hau. Haƙƙin ɗan'uwanka yana kan abin da ka mallaka: aljihunka, lokacinka, ƙofar gidanka, ƙafarka ta zuwa gaishe shi. Abin da aka damƙa maka riƙo kuwa, ba ka da ikon yin kyauta da shi, ko ga wanda kuka fito ciki ɗaya. Mai yin alheri da kayan mutane ba mai kyauta ba ne, ko da an yi masa godiya.

Sannan akwai mutum na uku da muke yawan mantawa da shi idan muna zancen zumunci. Fintan ma ɗan wani ne. Shi ma ya tashi da asuba, ya ƙi abinci yana so, ya hau sikeli gabansa na faɗuwa. Da an ce masa ka fi gudu amma ka yi haƙuri, wancan yayan zakara ne, da me za a kira wannan? Duk lokacin da aka ɗaga wani saboda jini, akwai wanda aka danne, sai dai shi ba a gidanmu yake kuka ba, shi ya sa ba ma jin muryarsa.

Kuma a duba lamarin ta wajen shi yayan. Wanda aka bar shi a kujera don tausayi, ya san haka, abokin tuƙinsa ya sani, masu kallo ma sun sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: agogo zai faɗi abin da aka ɓoye a gaban duniya. Idan aka sha kaye, shi za a nuna da yatsa, ƙanen kuma ko bai furta ba, zai riƙe abin a zuci. Nawa muka ga 'yan'uwa sun daina ga-maciji a kan irin wannan alfarma? Sau da yawa abin da aka yi don a tsare zumunci shi ke kashe shi. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ɗacinta na ɗan lokaci ne, na alfarmar da ba ta dace ba kuwa yakan kai har ga 'ya'ya.

Sai dai kada wani ya ɗauki maganata ya tafi da rabi. Agogo gudu yake aunawa, sikeli kuma nauyi, babu ɗayansu da ke auna darajar mutum. Kuskuren da masu kishin cancanta kan yi shi ne, da zarar an sauke mutum daga kujera sai su sauke shi daga zuciya, a daina kiransa shawara, a manta da abin da ya gina. Azurfar Riyo tana nan da sunan Gary, ba wanda zai kankare. Ƙofar da Fintan ya shiga, su Gary ne suka buɗe ta. Shi ɗan jiran ko-ta-kwana ma aikinsa ba ƙarami ba ne: sai ya yi atisaye kamar mai shiga, ya tsare nauyinsa kamar mai shiga, alhali ya san da wuya a kira shi. A wajena wannan haƙuri bai gaza zinariya ba. Don haka ranar da gurbi ya kuɓuce wa ɗan'uwanka, ranar ce haƙƙinsa a kanka ya ƙaru. Kujerar ba za ka iya ba shi ba, amma girmamawa da tsayawa a bayansa suna hannunka, kuma babu hukumar da za ta hana ka.

Wani zai tambaya, to idan kwale-kwalen nawa ne fa? Nan hukunci ya sauya. Idan dukiyarka ce kai kaɗai, ka ga dama ka ɗauki yayanka ku zo na biyar tare maimakon ka zo na ɗaya da bare, wannan karamci ne, ba mai zarginka. Sharaɗi biyu ne kawai. Kada asarar ta faɗa kan wanda bai yarda ba, kuma kada ka yaudari kanka ka ce ai shi ya fi iyawa. Ka kira abin da sunansa: na zaɓi ɗan'uwana, na yarda da abin da zan rasa. Matsalarmu tana farawa ne inda muka kasa bambance nawa da namu, muka riƙi kujerar ƙungiya ko asusun jama'a kamar shagon gado.

Akwai ƙarashen labarin da ya kamata wanda ke kan kujera ya ji. Tseren Faris shi ne na ƙarshe ga ajin marasa nauyi a Olamfik. An cire shi daga gasar Los Angeles ta 2028, aka sa wani gajeren tsere na bakin teku a madadinsa. Wato kujerar da aka sauke Gary daga kai, yanzu ita kanta an ɗauke ta. Wanda ya hau da wanda ya sauka duk sun dawo tudu, abin da ya rage musu shi ne yadda suka riƙi juna lokacin da take nan.

Saboda haka, jama'a, kafin ka sa baki a ba wani gurbi, tambayi kanka abu biyu. Wannan kujera tawa ce ko riƙo aka ba ni? In riƙo ce, bar ma'auni ya yi aikinsa, ko da a kan ɗan ɗakinku zai faɗa. Sannan wanda ma'aunin ya kayar, me na tanadar masa daga abin da yake nawa? Wanda ya amsa ta farko ya bar ta biyu, ya yi adalci amma ya bar ɗan'uwansa a rana. Wanda kuma ya tsallake ta farko, ya ɗauki haƙƙin ɗan wani ya kai gidansu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe biyun. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.