«Sai Gobe In Fara»: Nasiha Ga Ƴan Lise Da Iyayensu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai juya dare da rana, Wanda Ya ba kowane bawa kwanaki ƙididdigaggu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda sunka bi su da kyautatawa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani dare bayan sallar isha'i, jama'a sun watse, sai munka ga wani saurayi ya tsaya a bayan sahu yana jiranmu. Ɗan aji na ƙarshe ne a lise, watau tarminal, ɓangaren kimiyya. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce: «Allah gafarta Malam, magana gare ni, amma bakina ba zai iya faɗinta ba.» Sai ya miƙo mana kayensa na lissafi, ya buɗe shafukan baya inda yake rubuta abin da ke ransa, rabi da Faransanci rabi da Hausa. Mun nemi izininsa kafin mu kawo muku abin da ke ciki, ya yarda bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa ko makarantarsa.

Ga abin da ya rubuta, a taƙaice: «Tun da anka koma makaranta a watan Oktoba na tsara lokutan bita a takarda, na manna ta a bango. Ban bi ta ba ko kwana uku. Kullum ina cewa sai gobe in fara. Gwajin lissafi na samu 6 bisa 20, na naɗe takardar na ɓoye ta ƙarƙashin katifa. In na zauna gaban kaye sai ƙirjina ya yi nauyi, sai in ɗauki waya in ce minti biyar, ban ankara ba dare ya raba. Ina zuwa fada, ana dafa shayi ana dariya, amma ni ba daɗi nake ji ba, jikina yana can zuciyata tana wajen karatun da ban yi ba. Babana yana faɗa ma mutane a kasuwa cewa likita zan zama. Barci ya ƙaurace mini.»

Mun karanta wannan har sau biyu, kuma abin da ya tsaya mana a rai shi ne inda ya ce ba daɗi yake ji ba. Mu iyaye, in munka ga yaro ya bar karatu yana danna waya, sai mu yanke hukunci nan take cewa rago ne, ɗan jin daɗi. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Yaron tsoro yake ji. Buɗe kayen yana tuna masa duk abin da ya wuce shi, sai ya gudu daga wannan ɗacin zuwa abin da zai mantar da shi na ɗan lokaci. In ya dawo, ya tarar da aikin ya ƙaru, tsoron ma ya ƙaru, sai ya sake gudu. Malamanmu suna kiran wannan cuta taswifi, daga kalmar Larabci «saufa», wadda ake faɗi in ana nufin za a yi abu nan gaba. Kuma ba ƴan boko ta fara kamawa ba.

Ku dubi labarin Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim sunka ruwaito daga bakinsa. Ka'abu ba ƙaramin mutum ba ne. Yana cikin mutanen Madina da sunka yi mubaya'a a Aƙaba, kuma yana cikin mawaƙan da ke kare Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da harshensu. A shekara ta 9 bayan hijira anka yi shelar fita zuwa Tabuka. Zafi ya tsananta, tafiya mai nisa, ga dabino ya nuna, ga inuwa ta yi daɗi. Ka'abu da kansa ya shaida cewa bai taɓa samun ƙarfi da wadata kamar wancan lokaci ba, har abin hawa biyu gare shi. Bai yi niyyar ƙin fita ba ko kaɗan. Yakan fita da safe don ya yi shiri tare da mutane, sai ya dawo bai gama komai ba, yana ce ma kansa ai yana da iko a kan abin duk sa'ad da ya ga dama. Rana ta bi rana har runduna ta tashi. Ya ce zai shirya cikin kwana ɗaya ko biyu ya riske su a hanya. Ya sake fita, ya sake dawowa hannu sake, har tafiya ta yi nisan da babu sauran riska.

To, daga nan sai ƙunci ya fara. In ya zaga cikin Madina ba ya ganin kowa sai wanda ake tuhuma da munafunci ko mai rauni da Allah Ya yi ma uzuri. Da ya ji labarin Annabi ya kamo hanyar gida, damuwa ta rufe shi, ya shiga lissafin ƙaryar da za ta fid da shi. Mutum tamanin da wani abu sunka zo sunka kawo uzurorinsu da rantsuwa, anka karɓi zahirinsu. Shi kuwa da ya zauna gaban Manzon Allah, sai ya faɗi gaskiya tsirararta: ba shi da wani uzuri. Anka umurci Musulmi su daina magana da shi, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har dare hamsin. Allah Ya siffanta halinsu a aya ta 118 ta Suratut Tauba, inda Ya ba da labarin yadda ƙasa duk faɗinta ta matse su, rayukansu ma sunka matse su. A safiyar cikar dare na hamsin, bayan sallar asuba, Ka'abu ya ji mai kira daga kan dutsen Sal'u yana yi masa bushara cewa an karɓi tubarsa.

Ba muna daidaita jarrabawar bak da fita tare da Manzon Allah ba ne, Allah Ya tsare mu. Amma cutar guda ce: mutum mai ƙarfi, mai kayan aiki, mai kyakkyawar niyya, wanda «gobe» ta cinye. Kuma ku lura, abin da ya fid da Ka'abu gaskiya ce, a daidai lokacin da ƙarya ta fi sauƙi.

Shi ya sa abu na farko da munka ce ma wanga saurayi shi ne: «Ɗana, je ka fiddo takardar nan daga ƙarƙashin katifa ka nuna ma mahaifinka.» Fuskarsa ta canza, ya ce: «Malam, wannan ya fi bak ɗin wuya.» Munka ce mun sani. Rabin nauyin da ke ƙirjinsa ba na lissafi ba ne, na ɓoyo ne. Mai ɓoye abu yana gadi dare da rana, kuma mai gadi ba ya barci. Munka ƙara masa da cewa ya je wajen mushen da ke koya musu lissafi, ya ce masa: tun daga darasi kaza na ɓata hanya. Malami ba zai iya warkar da ciwon da ake rufe masa ba.

Da munka tambaye shi ko ba ya karatu ne sam, sai ya ce yana yi, amma tarihi yake ta maimaitawa, domin shi ne yake fahimta. Wannan ma taswifi ne da ya sa rigar ƙwazo. Kun san yadda ake ƙirga maki a makarantunmu: kowane darasi bisa 20 ne, ana riɓa shi da kofisiyansa, kuma sai ɗalibi ya haɗa 10 a jimla yake tsallakewa. Darasin da kofisiyansa ya kai 5, maki ɗaya a cikinsa daidai yake da maki biyar a darasi mai kofisiyan 1. Ɗan ɓangaren kimiyya da ya guje ma lissafi ya fake cikin tarihi, kamar manomi ne da ya bar babbar gona ciyawa na cinye hatsi, yana ta share tsakar gida.

Game da yadda za a yi aikin kuwa, ba mu buƙatar aro daga nesa. Uwar Muminai A'ishatu ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda anka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya ga wannan da idonsa. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya riƙe abin da ke kai, kuma gardi mai hadda ba ya barin tishi, domin Annabi ya gargaɗe mu cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa in ba a kula da shi ba. Haddar izu sittin ba aikin gaggawa ba ce. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya auna mantuwa a kansa, ya fitar da sakamakonsa a 1885: mafi yawan abin da mutum zai manta yana zubewa ne cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma bita da anka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda anka cusa a zama ɗaya. Abin da alarammominmu ke yi tun kaka da kakanni kenan.

Saboda haka munka hana shi sake rubuta wani dogon tsari na bango. Munka ce: bayan sallar asuba kada ka koma shimfiɗa, kada ka taɓa waya, zauna ka warware tambaya biyu ta lissafi, biyu kawai, ko da za su ɗauke ka rabin sa'a. Manzon Allah ya roƙa ma al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma Sakhru Algamidi, wanda ya ruwaito hadisin, ɗan kasuwa ne da ke tura hajarsa da sassafe, dukiyarsa ta yawaita. A ƙasarmu ma hankali ya nuna haka, domin watannin bita suna faɗowa ne cikin bazara, Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin rana ke haura digiri 40, ga ɗauke wuta da dare. Wanda ya bar sanyin asuba ya wuce shi ya yi hasarar mafi kyawun sa'o'insa.

A nan dole mu ja kunne a kan hanyoyi uku da taswifi ke kora yaranmu cikinsu in lokaci ya ƙure. Akwai masu kwana ido biyu da Nescafé, har wasu su kai ga tramol don su hana kansu barci. Masana lafiya sun ce matashi yana buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10, kuma cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da anka karanta. Tramol kuwa magani ne mai kama mutum, shan sa ba da umurnin likita ba yana kai ga farfaɗiya da lalacewar hankali. Akwai masu neman satar amsa, ko sayen wata takarda da ake cewa tambayoyin bana ne. Ku tuna Annabi ya cusa hannunsa cikin tulin abincin wani mai sayarwa, ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, sai ya barranta daga mai algus. Takardar shaidar da anka samu ta haka jiƙaƙƙen abinci ce, kuma wata rana marar lafiya ne zai kwanta gaban mai ita. Sa'an nan akwai masu zuwa wajenmu ana saura kwana uku, suna neman rubutun sha ko addu'ar buɗe ƙwaƙwalwa. Addu'a gaskiya ce, muna yin ta, muna kuma umurni da ita. Amma mutumin da ya tambayi Annabi ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, an ce masa ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara. Duk malamin da ya karɓi kuɗin yaro ya yi masa alkawarin bak ba da karatu ba, ya ci haram. Addu'ar da munka ba wanga saurayi ita ce wadda Anas ya ji Manzon Allah yana yawaita ta, inda ya haɗa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da neman tsari daga gajiyawa da kasala. Ba banza anka jera su wuri ɗaya ba.

Ya ku iyaye, ku ji tsoron Allah game da ɗiyanku. Ku daina yanka musu rigar da ba ku auna ba, kuna shelarta a kasuwa. Yaron da ya san cewa 6 bisa 20 za ta jawo masa zagi gaban ƙannensa, ko a ce masa ɗan wane ya fi shi, to zai koyi ɓoyo, daga ɓoyo ya koyi ƙarya. Maki awo ne na abin da yaro ya iya rubutawa a rana kaza cikin sa'o'i kaza. Ba awon imaninsa ba ne, ba kuma shi ke raba arziki ba. Da yawa sun maimaita aji sunka fito lafiya. In ɗanku ya kawo muku takarda mai ɗaci da hannunsa, ku fara da yaba masa gaskiyar da ya yi, faɗa ya biyo baya in akwai buƙatarsa. Ku iyaye mata, yarinyar da ke tarminal, ita ce ɗibar ruwa, ita ce girki, ita ce goyon ƙane, sa'an nan a ce ba ta da ƙoƙari. Ku sauke mata wani abu cikin watannin nan. Kuma in kunka ga yaro ya daina cin abinci, ya daina barci makonni, ya janye daga mutane, ko ya fara maganar gara ya mutu, ku zauna da shi, ku yi masa addu'a, ku kai shi wajen likita ba tare da jinkiri ba. Neman magani sunna ne, babu abin kunya a cikinsa.

Saurayin nan ya dawo bayan mako uku. Ya nuna ma mahaifinsa takardar; tsohon ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya tambaye shi nawa ne kuɗin littafin da yake buƙata. Kwana biyu cikin makonnin nan barci ya rinjaye shi bai tashi ba, ya kuma ci gaba a na uku. A gwaji na gaba ya samu 9, bai kai 10 ba tukuna.

Muna sanar da jama'a cewa kwamitin masallaci ya amince a bar zauren gaba a buɗe bayan sallar asuba har ƙarfe bakwai, tun daga wannan mako har a gama jarrabawa, domin ɗalibai maza da ba su da wurin natsuwa a gida. Ana buƙatar tabarmi da fitila mai aiki da hasken rana. Mai hali ya ga ladan. Waɗanda sunka riga sunka wuce wannan mataki, ƴan jami'a da malaman makaranta da ke salla tare da mu, muna roƙonsu kowa ya ba da safiya guda a mako.

Allah Ya yaye ma ɗiyanmu ƙunci, Ya sa albarka a sammakonsu, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.