Zane Marar Siffa da Ɗan Malamin Omdurman

A kasuwar Sabon Gari ta Kano aikin mai zanen allon shago a fili yake: kan mutum don mai aski, kaza don mai abinci, kowa ya gani ya gane. Amma a nuna wa Bakano zanen da bai yi kama da komai ba, layuka da launuka kawai, sai ya ce shirmen Turawa ne. Alhali yana sanye da babbar riga mai aska takwas, shadda daga Kantin Kwari, aikin maɗinkan Fagge, kuma bai taɓa tambayar hoton wane ne a ƙirjinsa ba. Ina ganin zane marar siffa ɗan gida ne a wurin Musulmi, har yana iya zama hanyar neman kusanci ga Allah.

Rayuwar Ibrahim El-Salahi ita ce hujjata. An haife shi a Omdurman ta Sudan a 1930, mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, a nan hannunsa ya saba da tawada da alƙalami. Ya koyi zanen Turawa a makarantar Slade ta Landan, ya koma gida a 1957, ya baje kolin ayyukansa, amma mutanen garinsu ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya waiwayi allon gidansu. Ya shigo da haruffan Larabci cikin zane, yana miƙe su yana lanƙwasa su, kamar yadda mai zayyana ke ƙawata allon ɗalibi ranar sauka. Da mahaifin ya rasu, ya yi wani zane a 1964 kan addu'ar da ake yi wa mai barin duniya, bai kuwa zana fuskar tsohon ba. Me fuska za ta faɗa game da fitar rai? A 1975 gwamnatin Numeiri ta tsare shi a kurkukun Kober wata shida ba shari'a, yana zane a ɓoye a kan guntayen takarda yana binnewa cikin yashi. An san shi da yin salla kafin ya fara aiki.

Mai suka zai kawo hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin siffofi, kuma gargaɗin mai nauyi ne. Sai dai abin da aka tsananta a kai shi ne siffar abu mai rai. An ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. El-Salahi ya shafe shekaru yana zana itacen da Sudanawa ke kira haraz, wato gawonmu, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, har itacen ya koma layuka tsagwaronsu. Gaskiya ne akwai fuskoki a wasu ayyukansa, wannan kuwa hukuncinsa na malamai ne. Amma ɓangaren da babu siffa a ciki ya fi hoton mai askin Sabon Gari nisa da abin da aka hana.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta haruffa. Harafin Larabci tufafin Alƙur'ani ne a idon Bahaushe, shi ya sa ake ɗauke takarda mai rubutun ajami daga ƙasa. Shin ya dace a karya shi har ya kasa karantuwa, a rataye a gidan Tate na Landan, inda aka yi bajekolin ayyukansa a 2013? Amsata ita ce aya daban, harafi daban. Wanda ya wargaza aya don ado ya yi ɓarna. Wanda ya ɗauki lanƙwasar harafin ba ko miƙewar alif ya gina wani abu, gadon mai zayyana ya ci gaba da shi, muddin ya koyi rubuta harafin daidai kafin ya taɓa shi, kamar yadda El-Salahi ya koya a gaban mahaifinsa.